Gansakukar Japan da ɓauren ƙofar gidanmu

Malam Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili don Allah.

Ƙanena ne ya nuna min hoton wata gansakuka a waya, wadda ke fitowa a ƙasashen sanyi can arewacin duniya, Turai da Japan da Arewacin Amurka, ita ba ta son rana sam, sai bakin kogo ko ramin zomo ko ƙarƙashin saiwar itacen da iska ta tumɓuke, in ka leƙa cikin duhun sai ka ga tana walƙiya kore-kore kamar an watsa garin zinare. Ashe ba ita ke yin hasken ba, ɗan hasken da ya shigo ne take tattarawa ta maido kamar idon mage da dare. Ba fure, ba saiwar kirki, tsayinta bai kai farce ba. Amma a kogunan dutse na Yoshimi da ke Japan tun 1928 hukuma ta sa wurin da take fitowa cikin kayan da doka ke karewa.

To ni sai ɓaure ya faɗo min a rai. Wa ya taɓa ganin furensa? Muna yara in mun ɓare ɗan ɓaure mun ga ƙwari sai mu hure mu jefa baki, ba mu san furen a ciki yake ba, ƙwarin nan kuma su ne ke yi masa barbara. Macen ta kutsa ta wata 'yar ƙofa har fukafukanta su kan cire, ta yi ƙwai ta mutu a nan, 'ya'yanta mata su fito da ƙurar fure su nufi wani ɓauren. Danginsa sun haura 700 a duniya, cediya da durumi da gamji duk gida ɗaya ne, kuma kusan kowanne da irin ƙwaronsa. Wallahi wannan ya fi walƙiyar ba ni mamaki.

Gansakukar nan ko akuya ba za ta ƙosar ba. Ɓaure kuwa jemage ya ci, tsuntsu ya ci, makiyayi ya sassabo ganye da rani, tsofaffi su shimfiɗa tabarma. Gamji ma ai da shi ake wa Sardauna kirari.

Duk da haka ɓauren ƙofar gidanmu, wanda kakana ya tarar da shi, bara aka sa masa inji da safe ɗaya wai za a yi shaguna, aka ƙone shi gawayi. Mai unguwa ko tari bai yi ba. Shagunan har yau ba a ɗora kwano ba, mu kuma azahar a rana muke alwala.

Naku,
wani mai karatu daga Funtuwa