Amsa ga Alhajin da ya tambayi wanda ke biyana a kan maganar taba

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyo na ranar Lahadi ka kira sunana, ka ce in fito in faɗa wa jama'a dalilin da ya sa nake yaƙi da tabar da ake dumamawa a na'ura alhali ta fi sigari sauƙin illa, kuma wace ƙungiyar waje ce ke biyana in toshe wa mashaya mafita. Maganar biyan nan ta yi min ciwo. Aikin jinya nake yi a ɗakin masu ciwon ƙirji, kuma garin nan an san ni. Na zauna da dattijon da ba ya iya kai ƙarshen Fatiha sai ya tsaya ya nemi numfashi, leɓɓansa sun yi baƙi, ɗansa na yawon neman tukunyar oksijin. Albashina kawai nake ci. Kai ne ba ka faɗa wa masu sauraro ko kana da hannu a shirin shigo da na'urar ba, kuma ya kamata ka faɗa.

Kamfanin taba na Philip Morris ya fito da na'urar IQOS a 2014 a Japan da Italiya, British American Tobacco ya biyo baya da tasa mai suna glo a 2016. Ganyen taba ne a ɗan guntun kara, a cusa shi a na'ura mai caji, ta gasa shi da zafin da bai wuce digiri 350 ba, ba tare da ya kama wuta ba. Wasu gubobin sun ragu, ban taɓa musa wannan ba. Amma nikotin ɗin da ke ɗaure mutum yana nan daram. Ka kafa hujja da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, sai dai rabin zancen ka kawo. A 2020 ta yarda Philip Morris ya ce an rage shaƙar wasu sinadarai, ta kuma ƙi yarda ya ce an rage haɗarin kamuwa da cuta, domin bai tabbatar da hakan ba.

Maganar wa kake so in gaskata? A 1994 shugabannin kamfanonin taba bakwai suka yi rantsuwa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa nikotin ba ya kama mutum. A 2006 alƙaliya Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin sun yi shekaru suna yaudarar jama'a, har da sigarin da suka tallata a matsayin mai sauƙi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In kuma zancen biya ne, Philip Morris ne ya kafa gidauniya a 2017 da alƙawarin dala miliyan 80 duk shekara da sunan raba duniya da hayaƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi haɗa kai da ita. Kamfanin nan kuwa bai fasa sayar da ɗaruruwan biliyoyin karan sigari a shekara ba.

Batun haraji da ayyukan yi da ka taɓo, ba zan ɓata lokacinka a kai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne halin da muke ciki a gida. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Leƙa teburin bakin tasha ko na kusa da makaranta ka gani, yaro zai miƙa canji a zaro masa kara ɗaya, har da aron ashana. Leburan da ke sayen kara ɗaya ina zai samo kuɗin na'ura mai caji? Samarin da ke da kuɗi a aljihu, waɗanda ba su taɓa kai sigari baki ba, su nake jin tsoron za ta kama. Idan da gaske mashaya kake tausaya wa, Alhaji, bakinka ya fi nawa kaiwa ga masu mulki, ka yi musu maganar aiwatar da wannan doka da samar da magungunan daina shan taba a asibitocinmu.

Wassalam.