Abin da na gani a unguwar geisha ta Kanazawa

Malam Edita, sallama.

Don Allah ka bani ɗan fili, kwanan nan na dawo daga Jafan kuma wallahi unguwar Higashi Chaya da ke garin Kanazawa ta ƙi fita raina. Unguwar geisha ce, wato matan da sana'arsu ita ce nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗan gargajiya. Tun 1820 aka kafa ta, bam bai taɓa garin ba a yaƙin duniya na biyu, shi yasa gidajen katakon nan masu hawa biyu suna nan daram, tagoginsu da siraran sanduna jere, na ciki yana ganinka kai ko baka ganinsa. Na shiga gidan Shima da aka mayar gidan tarihi, na cire takalmi, matakalar na ƙara ƙarƙashin ƙafata, ga shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku, an ajiye.

Abin da ya dameni shi ne yadda mutane ke ɗauka geisha karuwai ne. Ba haka bane sam, shekaru suke yi suna koyon rawa da kiɗa da tarbar baƙi. Kuma ƴan yawon buɗe ido sun dame su da kyamara, har a unguwar geisha ta Gion da ke birnin Kyoto aka hana ɗaukar hoto a wasu lunguna tun 2019, tarar yen 10,000.

Naku,
Wani mai karatu