Wa zan bar wa 'ya'yana?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ba na bari shirinki ya wuce ni, yau ga shi ni ma na zo da tawa, don kaina ya ƙulle.

Yarana biyu ne, namiji ɗan shekara 3 da jaririya 'yar wata 5. Hutun haihuwata ya ƙare, na koma aiki, maigida kuma tun safe yake fita, kuma ba ni da 'yar'uwa a kusa.

Na ɗauki mai raino, sati 3 kacal muka yi da ita. Wata rana ciwon kai ya dawo da ni gida da wuri. Na tarar da ita a falo tana danna waya, ta toshe kunnuwa biyu. Jaririyar tana ɗaki an kwantar da ita rub da ciki, fuska cikin filo, alhali na ja mata kunne cewa rigingine ake kwantar da jariri, ba filo ba tarin mayafi, kamar yadda aka faɗa mana a asibiti. Yaron kuwa a banɗaki na same shi, ya zura kai cikin bokitin wanki yana laluben sabulu. Ruwan bai kai rabi ba, amma ɗan wannan ya isa idan yaro ya kifa da ka ya kasa ɗagowa. Har yau in na tuna sai gwiwoyina su yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kwalbar maganin mura ce, irin mai sa barcin nan, da na ga ta ragu sosai. Ta rantse ba ta taɓa ba. Ba ni da shaida, Allah ya yafe mini in zato ne, amma a kwanakin nan yaron ya riƙa wani barcin rana mai nauyi da ban san shi da shi ba. Na biya ta haƙƙinta na sallame ta.

Yanzu an kawo mini mutum biyu. Ta farko dattijuwa ce, ta raini yara da yawa. Tana ɗaukar jaririyar ta yi tsit a kafaɗarta. Sai dai da na ce nonon da na tatsa kawai za ta ba ta, ban da ko ruwa har ta cika wata 6, kuma in ya wuce awa 4 a waje ba a firiji ba a zubar, sai ta yi dariya ta ce, "'Yan zamani ke nan!" Dariyar nan ba ta kwanta mini ba. Ta haife ni a shekaru, ta yaya zan riƙa yi mata gyara kullum? In na ba da baya, tawa za ta bi ko tata?

Ta biyu budurwa ce mai ladabi, har rubuta abin da nake faɗa take yi. Amma ba ta taɓa raino ba, kuma waccan da na sallama ita ma da ladabin ta zo mini.

Na nemi lambar gidan da dattijuwar ta yi aiki, na kira, matar ta ce, "Ba ta da matsala," ta yi shiru. Ban san ko yabo ne ko gudun shiga haƙƙi ba.

Maigida ya ce mu sa kyamara a ɓoye. Ni kuma ina ganin in za a sa, a gaya wa mutum. Ya ce in an faɗa mata, ai sai ta koma inda kyamarar ba ta gani.

Anti, wanne ya fi sauƙin gyaruwa, wadda ta iya amma ba ta jin magana, ko mai jin magana da ba ta iya ba? Waɗanne tambayoyi zan yi wa tsofaffin iyayen gidanta su fito mini da gaskiya? Kuma kwana nawa ya kamata in zauna tare da ita ina lura kafin in bar mata gida? Ranar Litinin ake jira na a wurin aiki.

Taki,
Uwar yara biyu