Sintiri kaɗai ba zai hana satar kanti ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan ƙarin sintirin 'yan sanda don rage satar kaya a kantuna, musamman wajajen Mabera da titin Emir Yahaya a Sakkwato. Ƙoƙari ne mai kyau, amma motar sintiri tana bakin titi, ɓarawon kanti kuwa a ciki yake aikinsa.

Yawanci su biyu ke shigowa. Ɗaya ya ja mai kanti da ciniki, ɗayan ya zura turare, gwangwanin madara ko cajar waya cikin riga, sau da yawa lokacin sallar Azahar da aka bar yaro shi kaɗai. Idan aka je ofishin 'yan sanda, babu hujja. Kyamarar kanti ta mutu tun da aka ɗauke wuta, domin ba a haɗa ta da batir ba. Inda take aiki ma, an kafa ta tana fuskantar ƙofa, hasken ranar Sakkwato ya mayar da fuskar mai shigowa baƙi ƙirin. Na'urar kuma tana goge tsohon hoto idan ta cika.

Shawarata: kowane DPO ya ware jami'i ɗaya da zai riƙa zama da ƙungiyar masu kantuna duk wata, ya duba inda aka kafa kyamarori, ya kuma rubuta kowane koke da rana da lokaci. Su kuma 'yan kasuwa su janye ƙananan kaya masu tsada daga bakin ƙofa, kuma duk wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma maimakon duka.

Naku,
Wani mai karatu, Sakkwato