A Bar wa Tsuntsaye Manyan Bishiyoyi a Lambunan Birane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa ke ɗauka aikin marasa abin yi, wato kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu.

Ni ma'aikaci ne a Abuja, kuma ofishinmu ba shi da nisa da lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003. Idan an tashi hutun rana, bayan na yi sallar Azahar na ci abinci, nakan ɗauki 'yar kyamarata in tafi can in zauna a bakin rafin da ya ratsa lambun. Masu wannan sha'awa sun san tsakar rana ba lokacin fitowar tsuntsaye ba ne, domin zafi yakan kora su cikin ganye, amma wanda ya samu inuwa kusa da ruwa, ya zauna bai motsa ba, zai ga su ne ke zuwa wurinsa. A haka na ɗauki hoton kurciya da balbela da hankaka, da ragon maza yana saɗaɗawa cikin ciyawa, da cilakowa wadda na shafe kusan mako uku ina jin kukanta kafin ta yarda ta sauko reshen da kyamarata za ta iya kai wa. Ƙadangaru kuwa ba su da iyaka.

Abin da wannan zama ya nuna mini shi ne, tsuntsaye ba su damu da shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da aka aske ta yi kyau ba. Inda suke taruwa shi ne gefen da aka bar manyan bishiyoyi da ɗan duhuwa, saboda a nan ƙwari suke, a nan 'ya'yan itace suke nuna, a nan kuma ake samun kogon da za a yi sheƙa. Baure ko ceɗiya guda ɗaya, idan ta yi 'ya'ya, takan tara tsuntsayen da jerin furannin ado ɗari ba za su tara ba. Shi ya sa raina yake ɓaci duk lokacin da na ga an sare tsohuwar tsamiya ko ɗorawa a wani gari domin a zuba siminti a kafa rumfunan biki, sannan a dasa wasu 'yan itatuwan ƙawa a ce an gyara wuri.

Mu Hausawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Kakanninmu ba su da kyamara, amma da sun ga shamuwa ta sauka a kan kuka sun san damina ta kawo jiki, sai a fara sharar gona. Yau yara nawa ne a birni za su iya bambance hasbiya da kurciya? Ungulu, wadda a ƙuruciyarmu ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙarancin da tun 2015 aka sanya irin wadda muka saba gani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma guba da farautar sassan jikinta domin tsibbu suna cikin manyan dalilai. Ni kaina ban taɓa samun hotonta ba.

Ƙasarmu tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, ga dausayin Haɗeja da Nguru inda baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka bayan sun ƙetare Sahara, ga kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos da ke horar da masana. Amma talaka ma'aikaci ba kullum zai je Nguru ba. Lambun da ke kusa da wurin aikinsa shi ne dajinsa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin da ke kula da lambuna a jihohinmu da su daina sare bishiyoyin gida idan za a yi gyara, su ƙara dasa baure da tsamiya da maɗaci, su kuma bar gefen rafi da ciyawarsa. Ina roƙon iyaye su hana yara harbin tsuntsaye da danƙo, masu zuwa shan iska kuma su kwashe ledojinsu kada su ƙare a cikin ruwa. 'Yan'uwana masu ɗaukar hoto, kada mu matsa kusa da sheƙa domin neman hoto mai kyau, gama uwa takan gudu ta bar ƙwanta idan an dame ta.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga Abuja