Zuwa ga Sanusi a Birmingham

Kaduna, Lahadi 17 ga Yuli, 2016

Mutumina Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Rabi da yara, yaya aiki? An yi salla lafiya? Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Hoton su Halifa da kayan salla a wayar Hajiya na gan shi, tunda ni yanzu an daina turo min. Ba komai, dama Bakano ba ya zumuncin da babu ciniki a cikinsa.

Tambaya ɗaya ce ta zaunar da ni rubutun nan, kuma ba na son kwana-kwana: ranar 23 ga Yuni, a ƙuri'ar raba gardama kan ko Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai ko ta zauna, ina ka dangwala? Kai da bakinka ka gaya min cewa ku 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune can kuna da ikon jefa ƙuri'a, alhali Bafaranshen da ya shekara ashirin a Landan ba shi da shi. Ban kuma manta huɗubar da ka yi min a waya kafin azumi ba, wai in Birtaniya ta bar Tarayyar Turai za a daina fifita 'yan Folan da Romaniya, ƙofa ta buɗe wa irinmu, har kana yi wa Auwalu lissafin biza. To ga shi an zaɓi fita. Kashi 51.9 suka ce a fita, 48.1 suka ce a zauna, tazarar ƙuri'a miliyan ɗaya da ɗoriya. Birmingham ɗinku ma fita ta zaɓa, da ƙyar da jiɓin goshi. Na ce wa Malam Isa wataƙila ƙuri'ar mutuminka ce ta rinjayar da garin, ya yi dariya har sai da ya ajiye kofin shayi.

Amma wallahi abin da ke raina ba na dariya ba ne. Tun da aka kashe Jo Cox hankalina bai kwanta ba. 'Yar majalisa, uwar yara biyu, a harbe ta a daɓa mata wuƙa da rana tsaka a mazaɓarta, saura mako guda a yi ƙuri'a. Bayan sakamako kuma labarai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. An yi wa cibiyar 'yan Folan da ke Hammersmith rubutun zagi a ƙofa. A Huntingdon an bi gidajensu ana zura musu katin cin mutunci. 'Yan sanda da kansu sun ce ƙorafin cin zarafin baƙi ya ƙaru. Sanusi, ɗan Folan Bature ne, fatarsa irin tasu ce. In shi aka tare a hanya aka ce ya tattara ya koma gida, ina ga Rabi da hijabinta a tashar bas? Ina ga kai da kake tashi aikin dare a asibiti ka taka da ƙafa zuwa gida? Na san za ka ce unguwarku Musulmi sun yi yawa, ba mai taɓa ku. Yaran fa, a unguwa kaɗai suke yini? Ka gaya min gaskiya ko an yaɓa wa ɗayanku wata magana a kwanakin nan. Kada ka ɓoye don gudun Hajiya ta ji, ba zan kai mata ba. Ita ma ai tana sauraron rediyo. Ranar salla ta ja ni gefe tana tambaya wai da gaske ne Turawa sun yi ƙuri'ar korar baƙi. Na ce mata ba haka ba ne, kuma a takarda ba haka ba ne ɗin, sai dai wasu daga cikin masu jefa ƙuri'ar haka suka ɗauke ta, su ne kuma kuke haɗuwa da su a titi.

Manyan ƙasar su suka fi ɓata min rai. Firayim Minista David Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar nan tun 2013 don ya rufe bakin 'yan tawayen jam'iyyarsa, ya kuma tare ƙuri'un da Nigel Farage, shugaban jam'iyyar UKIP mai neman a fita, ke janye masa. Ya ci zaɓen 2015, ya cika alkawari, ya sha kaye, gari na wayewa ya fito ƙofar gidan gwamnati ya ce zai sauka. Shi wannan ko ba komai ya ɗauki nauyin abin da ya jawo. Waɗanda suka yi nasarar fa? Boris Johnson, wanda kowa ya ɗauka shi ne magaji, ranar 30 ga Yuni ya ce ba ya takara, bayan abokin tafiyarsa Michael Gove ya yi masa ƙafar ungulu da safiyar ranar. Farage ya ajiye shugabancin UKIP ranar 4 ga watan nan. Andrea Leadsom, ita ma mai neman kujerar Cameron, ta janye. Ƙarshenta Theresa May, wadda ta goyi bayan a zauna, ita aka miƙa wa ragama ranar Larabar da ta wuce, ko 'yan jam'iyyarta na wajen majalisa ba su jefa ƙuri'a ba balle sauran jama'a, ita kuma ta ɗauko Boris ɗin ta ba shi harkokin waje. Can ɓangaren jam'iyyar adawa ta Leba 'yan majalisa 172 sun ce sun dawo daga rakiyar shugabansu Jeremy Corbyn, 40 kacal suka tsaya masa, shi kuma ya ce ba inda za shi. Ƙasa ta yanke hukunci mafi girma tun shigarta ƙungiyar Turai a 1973, amma aka yi mako uku ba a san wa zai aiwatar da shi ba.

Na san abin da ya ruɗe ka, motar kamfen ɗin nan ce mai rubutun fam miliyan 350 da wai ake aika wa Turai duk mako, gara a zuba su a asibitocin gwamnati. Ma'aikacin asibiti dole maganar ta shige shi. To tun kafin ƙuri'a hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce adadin na ɓatar da mutane ne, domin ba a cire rangwamen da Birtaniya ke samu tun zamanin Firayim Minista Thatcher ba, balle kuɗin da ke dawowa ga manoma da yankuna marasa ƙarfi. Da safiyar sakamako aka tambayi Farage a talabijin ko kuɗin za su je asibiti, ya ce ba zai iya ba da tabbaci ba. Ko yini ba a yi ba.

Kuma har yau ba a fita ba fa. Sai gwamnati ta aika takarda a ƙarƙashin sashe na 50 na yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai, sannan a fara ƙirga shekara biyu. Cameron ya bar wa magaji, May ta ce ba bana ba. Sauran ƙasashe 27 sun ce babu tattaunawa sai takarda ta iso, kuma duk mai son kasuwar bai ɗaya dole ya yarda mutane su shiga su fita. Kusan kashi 44 na abin da Birtaniya ke sayarwa waje Turai yake zuwa. In sun riƙe kasuwa, 'yan Folan na nan daram. In sun rufe ƙofa, kasuwa ta tafi. A cikin biyun ban ga inda bizar Auwalu ta shigo ba.

Af, Auwalun ma ba ta biza yake ba yanzu. Tun goman ƙarshe ake ganin babur ɗinsa a layin su Malam Isa bayan isha'i, kuma ba karatu yake zuwa ɗauka ba. Hajiya ta sani, tana yi kamar ba ta sani ba. Kai ne babba, ka kira shi ka ji inda ya dosa kafin magana ta fito daga waje. Ɗanladi kuma ya sayar da motar nan a ƙarshe, ka san wa ya saya? Surukinsa. Allah ya sa zumunci ya ɗore.

Bari in zo maganar kuɗi, tunda nan ne za ka karanta da kyau. Daren ƙuri'a fam yana wajen dala 1.50, kafin gari ya waye ya gangaro kusan 1.33, abin da ba a gani ba tun 1985, makon salla kuma ya faɗo ƙasa da 1.30. Gwamnan Babban Bankin Ingila, Mark Carney, sai da ya fito da safiyar nan ya ce akwai fam biliyan 250 a ajiye don kada bankuna su girgiza. Mu kuma a nan, kwana uku kafin ƙuri'arku, ranar 20 ga Yuni, Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa wajen 280 a yini ɗaya. Da ta banki kake turowa da kuɗinka sun ƙara auki. Amma kai ta hannun Alhaji kake turowa, shi kuma da farashin 'yan canji yake lissafi, inda dala ta daɗe da wuce 300. A can naira ba ta yi wani sabon motsi ba, fam ɗinka ne ya rame. Saboda haka abin da ya shigo hannuna na ginin bai kai na watan Mayu ba, ga fetur a 145, mai tifa ya ƙara kuɗin yashi, kwano da ƙusa kullum da sabon farashi. Habu ya ce in ba a rufa ba kafin ruwan Agusta, katakon da aka ɗora zai sha ruwa ya lalace.

Duk da haka ba na zagin talakawan da suka ce a fita, kuma kai ma kada ka zage su. Masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, da wani kamfanin yankin Lankashaya aka kafa ta, David Whitehead and Sons. Masaƙun can sun riga namu mutuwa, tamu ta bi su a 2002. Garin Burnley, tsohon garin masaƙa, kashi biyu cikin uku suka ce a fita. A Sunderland kashi 61, alhali ga masana'antar Nissan a gefensu wadda Turai ce babbar kasuwarta. Ka je Kakuri da yamma ka miƙa wa tsofaffin ma'aikata takarda mai zaɓi biyu, ko a ci gaba yadda ake ko a rushe a sake, ka san wanda za su zaɓa, kuma ba jahilci ba ne. An manta da su ne shekara da shekaru, ranar da aka tambaye su suka amsa da ƙarfi. Abin da ke min ciwo shi ne ba Tarayyar Turai ce ta rufe musu masaƙu ba, fita kuma ba za ta buɗe su ba. Ƙasar da ke shigo da abinci mai yawa daga waje, in kuɗinta ya faɗi, su za su fara ji a kantin cefane, kamar yadda muke ji a nan.

Ɗalibaina 'yan aji biyar sun tsare ni da tambaya, saboda sun ga masu fafutukar Biyafara suna cewa su ma a ba su irin wannan ƙuri'a. Na gaya musu Sikotilan kashi 62 suka ce a zauna, shugabar gwamnatinsu Nicola Sturgeon har ta fara maganar sake ƙuri'ar ɓallewa bayan wadda aka yi a 2014, shi ya sa May ba ta kwana uku a ofis ba ta garzaya Edinburgh. Ailan ta Arewa ma zama ta zaɓa, ga iyakarta da Jamhuriyar Ailan wadda sai bayan sulhun 1998 mutane suka samu sakewa a kanta. Na tuna musu mu ma ƙuri'ar raba gardama ce ta shigo da Mubi da Mambila cikin Najeriya a 1961, amma a wancan lokacin kowa ya san abin da ke bayan kowane akwati, Najeriya ko Kamaru. A taku babu wanda ya rubuta wa mutane yadda fitar za ta kasance. Wani yaro ya ce to me ya sa aka yi ta? Ƙararrawa ce ta raba mu.

Tumatir har yanzu bai dawo hayyacinsa ba tun da tsutsar nan ta cinye gonaki, miyar salla da na gwangwani aka yi ta a gidaje da yawa. Jirgin ƙasan Abuja kuma an ce cikin watan nan za a ƙaddamar da shi, tashar Rigasa ta yi kyau ƙwarai, filaye a wajen har sun fara tsada. Da ka ji maganata wancan karon da yanzu kana da biyu.

Maganar rufi dai kada ta wuce Juma'a. Ko dai ka ƙaro a sa kwano mai kauri yadda ka so, ko in ce wa Habu ya sa matsakaici da abin da ke hannu. Ni na fi son na biyun, don ban ga alamar fam zai miƙe nan kusa ba, kuma gara ka riƙe wani abu a wajenka saboda halin da ake ciki. Ka ce wa Rabi Maman Sadiya tana son su yi magana ranar Asabar bayan la'asar, ta bar wayarta a kunne. A shafa min kan Halifa da Ummi. Malam Isa yana gaishe ka, ya ce agogon da ka yi masa alkawari ko ya tsufa a kawo.

Naka,
Lawal