Zuwa ga Mamana, kan maganar fim

Assalamu alaikum, Mamana.

Da fatan kina lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Daga bakin Gwaggonki na ji, kuma da na fi so in ji daga naki. Wai tun zangon da ya wuce kin daina shiga aji, kina bin 'yan wasan kwaikwayo, har kina shirin komawa New York. Na kira yayanki ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce zancenki kullum Viola Davis, jarumar fim ɗin nan ta Amurka. Sai na sa aka nemo mini tarihinta, na sa tabarau na karanta tsaf.

Ban raina matar nan ba. An haife ta a 1965, ta tashi a garin Central Falls cikin gidan da ɓeraye suka addaba, tana zuwa makaranta da yunwa a cikinta. Allah ya ba ta, ta kuma yi ƙoƙari. Amma ki duba shekarun da kyau. Ta gama digiri a Rhode Island College a 1988, ta shiga Juilliard, makarantar koyon wasan kwaikwayo da kiɗa a New York, ta fito a 1993. Na san za ki ce ai wasan ta karanta. Haka ne, amma ta kammala, ba ta watsar a tsakiya ba. Lambar yabo ta Tony, ta wasan dandamali, ta farko sai a 2001. Fim ɗin Doubt da ya sa duniya ta san ta, a 2008 ya fito, tana da shekara 43, fitowarta a ciki ma 'yan mintoci ne. Lambar Emmy ta talabijin a 2015, Oscar ta fim a 2017, bayan ta haura 50. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Mamana.

Shekarun da ke tsakani su ne suka hana ni barci. Ita 'yar ƙasa ce, ko babu aiki babu mai korarta. Ke bizar ɗaliba gare ki, kuma ta dogara ne da zamanki a aji. Ranar da kuɗin haya ya ƙare, takarda ta mutu, sanyi ya shigo, wani ya miƙo miki rawa a fim da ba za ki iya zama ki kalla tare da ni ba, me za ki ce masa? Yunwa ce za ta amsa a madadinki. Viola da kanta, tana riƙe da Tony biyu, ta fito a matsayin 'yar aiki a The Help, kuma a 2018 ta fito fili ta ce ta yi nadama, domin fim ɗin bai ba muryar 'yan aikin haƙƙinta ba. Wannan mai suna ke nan, mai ikon cewa a'a. Ina ga ke, baƙuwa? Na kuma san halinki. Za ki shanye, ki kira mu kina dariya kina cewa komai lafiya, kamar yadda kika yi a makarantar kwana.

Kin san abin da na sha daga dangi ranar da na sa hannu a takardar tafiyarki. Kin san abin da ya faru da gonar bakin rafi. Ban taɓa yi miki gori ba, yau ma ba gori nake ba. Amma ki yanke shawara irin wannan, kowa ya sani sai ni? Haka muka yi da ke a filin jirgi? Wallahi kin ɓata mini rai.

Ban ce baiwar ba ta nan ba. Ni ne na zauna a layin gaba duk wasan da kika yi a firamare, na fi kowa tafi. Ki koma aji ki ƙarasa abin da ya rage, ki riƙe takardarki a hannu, sannan mu zauna mu yi maganar wasan, ba zan toshe kunnena ba.

Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ki faɗa mini gaskiyar inda kike kwana da bashin da ke kanki, ko nawa ne. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Babanki.